Samsung 870 EVO a tsohuwar laftof ɗina, ga kuma tsohon faifai a gefe

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, sai ɗan haɗa bidiyo idan an nema. Laftof ɗin da nake aiki da ita Dell Latitude ce ta hannu, mai i5 da RAM giga 8, ta zo da HDD, wato faifan ajiya mai faranti mai juyawa, na tera 1 wanda hotunan amare suka kusa cikawa. Na sa mata Samsung 870 EVO mai giga 500, wanda SSD ne, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, kuma ban cire tsohon faifan na jefa a durowa ba, su biyun ne a ciki suna aiki tare.

Saurin dai babu ƙarya. A da in na kunna ta, har in shimfiɗa kayan aiki in haɗa caja ba ta gama farkawa ba. Yanzu kafin in gyara zama Windows ta buɗe, Photoshop ma ba ya tsayawa yana tunani. Samsung sun rubuta cewa yana karanta mega 560 a daƙiƙa, yana rubuta 530. Faifan laftof mai juyi 5400 a minti da ƙyar yake wuce mega 100. Amma ba wannan lissafin ne ya fi taɓa ni ba. Tsohon faifai allura ce ke yawo a kan faranti tana neman kowane ɗan fayil, SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Shi ya sa bambancin ya fi fitowa wajen ƙananan ayyuka masu yawa, kamar buɗe foldar da ke da hotuna ɗaruruwa.

Don su zauna tare, an cire na'urar DVD, wadda dama na manta rabon da in sa mata faifai, aka sa ɗan tiren ƙarfen nan da ke riƙe faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira kadi. Kaurinsa galibi iri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, don haka a tafi da laftof ɗin kasuwa a gwada kafin a biya. Yaron da ya ɗaura mini ya ce, “Yallaɓai, sabon za mu sa a mazaunin tsohon, tsohon ya koma kadi.” Gaskiyarsa, domin a wasu laftof ɗin layin DVD bai kai na babban mazauni gudu ba. In layin tsohon nau'i ne da ake kira SATA II, ba ya wuce mega 300 a daƙiƙa, ka ga an sayi doki an ɗaure masa ƙafa.

Inda aikin yake shi ne rabon kaya. Giga 500 ɗin nan 465 za ka gani in ka duba, kuma hotunan RAW, wato ɗanyun hotunan kyamara masu nauyi, na biki ɗaya sai su cinye giga da dama. Tsarina shi ne Windows da manhajoji da bikin da nake gyarawa a yanzu suna kan SSD. Ranar da na miƙa wa masu biki albam ɗinsu, sai in kwashe foldar gaba ɗaya zuwa tsohon faifai. Downloads da Videos kuwa na mayar da su can dindindin, ta Properties sannan Location, don kada finafinan da ƙannena ke saukewa su cika mini wurin aiki. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, wata biyu ya yi yawa zai ga jan layi a kan C, wato faifan da Windows ke kai, alamar ya kusa cika.

Windows sabuwa na sa aka ɗora, ban kwafo tsohuwar ba, ko da yake Samsung na da manhajar kwafa kyauta. Duk wanda ya zaɓi kwafa ya leƙa BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, ya tabbata daga SSD kwamfutar ke tashi. Na ga wani abokin sana'a yana ƙorafin bai ga wani sauri ba, ashe har lokacin tsohon faifan ne ke tayar masa da ita.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba, kuma duk daga zaman haɗin suke, babu laifin SSD ɗin. Windows kan kwantar da HDD in ya yi minti 20 ba a taɓa shi ba, sai ka danna folda ka ji yana ƙugi kafin ya buɗe. Batir bai ƙara daɗewa yadda na so ba, tunda har yanzu akwai faranti mai juyawa. Kadin nawa kuma ba shi da suna ba shi da robar kariya, sai na koma kaffa-kaffa da jakar in zan hau adaidaita. Kuma kada wani ya ɗauka tsohon faifan madogara ne. Ya riga ya sha shekaru, ga shi a laftof ɗaya da sabon, ɓarawo ɗaya zai tafi da su duka. Nakan duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, hotunan mutane kuma suna da kwafi a wani faifan na waje a gida.

Batun tsada, 870 EVO ya fi marasa suna kuɗi sosai, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Tun a shagon na sa aka buɗe manhajar Samsung Magician ta tabbatar na gaske ne kafin na ƙirga kuɗi. Garantinsa shekara 5 ne ko rubutun tera 300, wanda ya riga cika, kodayake a nan takardar mai shago ta fi ta kamfani amfani.

Mai shirin sauya laftof nan kusa ya ɗan dakata kafin ya sayi wannan SSD ɗin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, irin tawa kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Shi 870 EVO mai inci 2.5 ne, yawancin sababbin siraran laftof kuwa ɗan siririn SSD da ake kira M.2 kaɗai suke karɓa, ba su da wurin DVD balle kadi.