Kananzir ko man boron?

Jiragen da ke tashi daga filin Nnamdi Azikiwe a Abuja kananzir suke sha, kuma ni na gode Allah da hakan. A shekarun 1950 sojojin Amurka sun gwada wani man jirgin sama da ake yi da sinadarin boron, irin su fentaboran, domin ya fi kananzir ƙarfi nesa ba kusa ba.

Amma kananzir sai ya samu wuta yake ci. Fentaboran kuwa da ya haɗu da iska yana iya kamawa da kansa, harshen wutarsa kore shar. Tururinsa guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har mutum ya riƙa jijjiga. Masu zuba wa jirage mai nake tunawa, bayin Allah. Tokarsa ma daskarewa take a farfelar injin. A 1959 aka soke shirin.