Ƙamus ɗin waya a sikelin kalmar "repass"

Manhajar ƙamus ɗin Turanci da masu cajin waya ke tura wa ɗalibai a ƙauyukan Ringim tana aiki ba data, kuma ba ta cika waya. A kalmomin yau da kullum ba ta da laifi. Amma nemi "repass", sai ta ce "sake wucewa" ta yi shiru. Hakan daidai ne, kamar mai amalanke ya wuce ya dawo ta hanya ɗaya. Sai dai ta bar ma'anar da ake gani a jarida: majalisa ta sake zartar da ƙudiri da ƙuri'ar kashi 2 cikin 3 bayan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu. Ba ta kuma gargaɗi ɗalibi ba cewa sake jarrabawa "resit" ne, ba "repass" ba, kuma nan yara suka fi faɗawa.