Gargaɗi ga masu fodkas: hattara da dillalan "rajista" da ma'ajiyar har abada

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga duk mai naɗar karatu, wa'azi, hira ko shirin matasa da yake son ɗora shi a intanet a matsayin fodkas (shirin sauti da ake saurara kashi-kashi a manhaja), musamman ɗaliban da malamansu suka damƙa musu amanar sautin karatu. Akwai mutanen da ke yawo a WhatsApp da Facebook da Telegram suna tallan cewa za su yi maka "rajista" a Spotify da Apple Podcasts, su ba ka ma'ajiyar sauti ta har abada, ka biya sau ɗaya ka huta. Ba zan kama suna ba, domin kullum cikin sauya suna da lamba suke. Salon aikinsu ne bai cika sauyawa ba, shi kuma zan bayyana.

Tallan yana zuwa da ado. Za ka ga tambarin Spotify da na Apple a jere, da hoton allon waya mai nuna dubban masu sauraro, da rubutu cewa shi "wakili ne mai lasisi" kuma ragin kuɗi zai ƙare ranar Juma'a. In ka tambaya sai ya ce kamfanonin ba sa karɓar mutum kai tsaye daga Najeriya ko Nijar, sai ta hannun wakili. Ƙarya ce. Shigar da shirin fodkas cikin Apple Podcasts kyauta ne, ta shafinsu na Apple Podcasts Connect, da asusun Apple naka na kanka. Shigar da shi Spotify ma kyauta ne. Har ma'ajiyar sautin Spotify na bayarwa ba tare da ka biya ko kwabo ba: a 2019 suka sayi manhajar Anchor, a 2023 suka mayar da ita Spotify for Podcasters, a ƙarshen 2024 kuma ta koma Spotify for Creators. Mafi yawan dillalan nan a can suke buɗe asusu kyauta, su ɗora sautinka, su turo maka adireshi, su ce aiki ya kammala. Da abin ya tsaya nan da sai mu ce ladan wahalarsa ya ci, ko da ya tsawwala. Amma cutar tana gaba.

Ya kamata ka san yadda fodkas ke tafiya, don a nan suke cin galaba a kan mutane. Sautinka yana zaune ne a wuri ɗaya, wato kamfanin da ke ajiye shi, irin su Libsyn da ke aiki tun 2004, ko Podbean, ko Buzzsprout, ko Spotify ɗin. Wannan ma'ajiya ita ke fitar maka da adireshi guda da ake kira RSS. A cikinsa akwai sunan shirin, hotonsa, bayaninsa, da jerin kowane kashi da inda sautinsa yake. Apple da sauran manhajojin sauraro wannan adireshin suke leƙawa. Duk lokacin da ka ɗora sabon kashi, daga nan suke ganinsa su kai wa mabiyanka. To shi RSS ɗin yana ɗaure da asusun da aka buɗe shi, asusun kuma yana ɗaure da imel. Idan Spotify ko YouTube na son tabbatar da mai shiri, lambar tantancewa suke turawa zuwa imel ɗin da ke cikin RSS. Wanda lambar ta shiga akwatinsa, shi ne mai shiri a wurinsu, ko da bai taɓa buɗe baki ya yi magana a ciki ba.

Dillalin da imel ɗinsa yake buɗe asusun. Zai ce maka don sauƙi ne, kai dai ka riƙa turo sauti ta WhatsApp shi zai riƙa ɗorawa. Kana nan kana murna, wata shida, shekara, mutane sun fara bibiya, 'yan'uwa a Kumasi da Yamai da Jidda suna sauraro, an raba adireshin a masallatai da zaurukan zumunta. Daidai lokacin da shirin ya yi kauri sai saƙo ya zo: ma'ajiya ta cika, ko kamfani ya ƙara kuɗi saboda dala, ko lasisi ya ƙare sai an sabunta. Ka tuna masa cewa har abada kuka yi, ya ce ai dokar kamfani ce ta sauya. In ka biya, bayan wasu watanni ya dawo. In ka ƙi, ya daina ɗora maka, ko ya goge kashi-kashi yana nuna maka da gaske yake. Ka gina shago ne a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan wani. Abin da ya fi ƙona rai shi ne ba kuɗin kaɗai ke tafiya ba. Mabiyan da ka tara suna manne da wancan adireshin, kuma ba ka da ikon janyo su.

Maganar "ma'ajiya ta cika" ma a yi mata lissafi. Sautin magana da aka matse a MP3 na 64 kbps (ma'aunin ingancin sauti) bai kai rabin megabait a minti ba, wato awa guda kusan megabait 29. Tafsirin azumi na kwana 30, awa ɗaya kullum, bai cika gigabait ɗaya ba. Ko an ninka inganci zuwa 128 kbps, bai kai gigabait biyu ba. Ƙaramin katin memori na waya ya ɗauke shi har da saura. Duk wanda ya ce maka sai an sayo sabuwar na'ura saboda karatunka na Ramadan, raina maka hankali yake yi.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan muni. Wasu ma'ajiyoyin suna da tsarin gwaji na kyauta mai wa'adi. Buzzsprout, alal misali, ta daɗe tana bayyana cewa a tsarinta na kyauta kashi yana zama kwana 90 ne a cire shi. Ba laifin kamfanin ba ne, a fili suka rubuta. Amma dillali zai karɓi kuɗin "har abada", ya zuba sautinka a irin wannan tsari, kafin wata uku su cika ya toshe lambarka. Kai kuma sai dai ka ga tsofaffin darussa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta kalmar har abada a harkar intanet abin tuhuma ce. Google da girmansa ya rufe manhajarsa ta Google Podcasts a 2024 ya mayar da jama'a YouTube Music. Waɗanda suka riƙe RSS ɗinsu ba su yi asarar shirinsu ba. Mutum guda da waya a hannu ne zai yi maka alkawarin da manyan kamfanoni ba sa yi?

Na san dalilin da ya sa mutane ke faɗawa hannunsu, kuma ban ga laifin kowa ba. Ma'ajiyoyin da ake biya da dala suke karɓa kowane wata, kuma an yi shekaru bankuna da yawa a Najeriya sun taƙaita ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Shafukan kuma da Turanci suke, cike da kalmomin fasaha. Don haka in wani ya zo da Hausa mai daɗi yana "Allah ya gafarta Malam, ku bar mana wannan", dole zuciya ta karkata. Kuma akwai matasa masu gaskiya da ke wannan aiki suna cin halalinsu, ba su nake nufi ba. Gane su ba wuya: mai gaskiya zai zauna da kai, ya buɗe asusun da imel ɗinka, kai za ka rubuta kalmar sirri da hannunka, ya faɗa maka sunan ma'ajiyar, ya ce ga abin da yake kyauta, ga kuɗin aikina. Wanda ya fara kwana-kwana da zarar ka ce "da imel ɗina za a buɗe", ka tattara sautinka ka tashi.

Sai kasuwa ta biyu, sayar da masu sauraro. Bayan an ɗora shiri, dillalin zai ce akwai tsarin da zai kawo maka sauraro dubu kaza cikin mako, daga nan kamfani zai fara biyanka da dala. Lambobin za su iya hawa, amma na'urori ne ke saukewa, babu kunne ko ɗaya a bayansu. Masu talla na gaskiya ba sa kallon hoton allo; suna aiki da ƙa'idar ƙidaya ta IAB (ƙungiyar kamfanonin talla a intanet), wadda ke tace na'urori, ba ta ƙirga saukewar da ba ta kai sautin minti ɗaya ba, kuma ba ta maimaita ƙirga mutum ɗaya a kashi ɗaya cikin awa 24. Dokokin Spotify da Apple sun hana ƙidayar bogi, kuma in an kama, shirinka ne za a hukunta. Tsarin biyan masu shiri na Spotify Partner Program da aka fara a Janairun 2025, a Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya aka buɗe shi da farko, kuma yana da sharuɗɗa. Kafin ka yarda da wanda ya ce zai "buɗe maka biya", shiga shafin kamfanin da kanka ka duba ko ƙasarka na ciki.

A kula da wani saƙon ma, mai gayyatarka hira a wani babban fodkas na waje da alkawarin kuɗi. Za su ce a yi gwajin na'ura tukuna, su bi da kai cikin saitin shafinka na Facebook har ka ba su izinin gudanarwa. Daga nan shafi ya tafi.

In ka riga ka shiga hannun irin wannan dillali, kada ka fara da faɗa, don har yanzu makullin na wurinsa. Fara da tattara asalin sautukanka. Waɗanda ba ka da su, sauke su yanzu daga manhajar sauraro ko daga adireshin RSS tun suna nan. Sannan ka nemi ya sauya imel ɗin asusun zuwa naka, ka canza kalmar sirri nan take, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Idan kana son komawa wata ma'ajiya, ana kwaso shirin ta RSS, sannan a tsohuwar ma'ajiyar a saka abin da ake kira turawa ta 301, wadda ke gaya wa manhajoji cewa shiri ya koma sabon adireshi, mabiya su biyo ka ba tare da sun yi komai ba. Apple na ba da shawarar a bar wannan turawa aƙalla mako huɗu. Amma daga cikin tsohon asusun ake saka ta, shi ya sa na ce a lallaɓa a karɓi asusun kafin a raba gari. Ka tambaye shi kuma da asusun Apple na wa aka shigar da shirin, domin wannan ma wata ƙofa ce dabam.

In ya ƙi, rubuta wa sashen taimako na ma'ajiyar da na Spotify da Apple, ka nuna cewa muryar da haƙƙin mallakar naka ne, ka haɗa da asalin fayilolin da ranakun naɗa su. Ajiye rasit ɗin banki, lambar asusun da ka tura wa kuɗi, da hotunan duk hirarku kafin ya goge. Sanar da bankinka da wuri. A Najeriya karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ana kai ƙara ga EFCC ko 'yan sanda. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ma tana karɓar koke. Kada kunya ta hana ka, kuma ka gaya wa malamin ko abokan shirin halin da ake ciki tun da wuri.

Idan duk an yi bai saki ba, buɗe sabon asusu da imel ɗin da aka ware wa shirin kaɗai, wanda aƙalla mutum biyu amintattu suka san kalmar sirrinsa, ka sake ɗora darussan, ka sanar da jama'a sabon adireshin a duk inda aka raba tsohon.