Zuma ko dabino: da wanne za a haɗa giranola a gida?

Masu haɗa giranola (gasasshen haɗin hatsi na karin kumallo) a Jos da hatsin ots, gyaɗa, riɗi da kwakwa, wajen zaɓen zuma ko dabino suke rabuwa biyu. Zuma ta fi ɗaure haɗin, ya fito dunƙule-dunƙule, yana ƙaras-ƙaras a baki. Sai dai tana saurin ƙonewa, don haka kada zafin obin ya wuce digiri 150 a ma'aunin Celsius. Samun wadda ba a sirka da sukari ba ma aiki ne, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Dabino kuwa sai an cire ƙwallo, an jiƙa, an markaɗa. Danshinsa na jinkirta gashi, dole a riƙa juyawa. Duk da haka ni shi nake zaɓa, domin ga sauƙin samu a kasuwar Taminus ta Jos, ga riƙe ciki har azahar.