App ɗin bashin nan, tauraro ɗaya ma ya yi masa yawa

Jama'a bari in ba ku labarin wani app na bashi, ba zan kama suna ba. Gab da sallah kuɗi ya yanke min a shagona na kasuwar Kejetia a Kumasi, na ce bari in ɗan ranci sidi 500 in cika in saro atamfa. Gaskiya suna da sauri, ko minti goma ba a yi ba na ji MoMo, wato asusun kuɗina na waya, ta yi ƙara. Iyakar yabon da zan musu ke nan.

Sun nemi suna, lambar Ghana Card, hoton fuska da lambar MoMo, ban ga laifi ba, ai mai ba ka kuɗinsa dole ya san wa ya ba. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ma, Act 843 ta 2012, ta ba da wannan dama: ko ka yarda da kanka, ko yarjejeniyar da kuka ƙulla ba za ta yiwu ba sai da bayanan, ko doka ce ta tilasta, ko kamfanin na da halattacciyar buƙata. To amma lambobin mutanen da ke wayata da suka kwasa fa, a wanne suka faɗa?

Kwana biyu kacal na makara biya saboda kasuwa ta yi sanyi, sai ga kiran kawuna daga Aboabo bayan magariba, muryarsa na rawa, "Ɗana, me ka yi ake turo min saƙo wai kai macuci ne?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige, dattijon da ya rene ni, har limamin unguwarmu sun tura wa, da wata kwastoma da ke sayen leshi a wajena shekara da shekaru. E, ni na danna yarda lokacin da app ɗin ya nemi shiga wayata, amma yardata ba ta kawu ba ce, shi bai ci bashin kowa ba, bai sa hannu a komai ba, kuma tozarta mutum ba buƙata ce halattacciya ba.

Na biya su kuɗinsu har da ruwan da suka ɗora, na goge app ɗin, na rubuta ƙorafi zuwa hukumar kare bayanan mutane, wato Data Protection Commission, a Accra, wadda doka ta ce duk kamfanin da ke riƙe bayanan mutane ya yi rajista da ita, na haɗa da hoton saƙonnin. Kafin ka ranta a waya duba ko Bank of Ghana ya ba su lasisi. Kawu dai har yau in mun gaisa sai ya tambaye ni ko akwai sauran bashi.