Haraji a Amurka: miƙa takardu a Afrilu ko neman ƙarin wa'adi?

Duk shekara idan Afrilu ta ƙarato, masu yin sana'a a gidajensu a Amurka sukan dame ni da tambaya ɗaya: su miƙa takardun haraji kafin 15 ga wata, ko su nemi ƙarin wa'adi?

Neman ƙarin ba ya cin ko sisi. Fom 4868 kawai za ka aika wa IRS, hukumar tara haraji ta ƙasar, ba a tambayar dalili, sai a ɗaga maka ƙafa zuwa 15 ga Oktoba. Sai dai abin da ke damuna, da yawa ba su san takardu kaɗai aka ɗage ba. Kuɗin da ake binka dole su shiga a Afrilu, in ba haka ba tarar kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ba ka biya ba za ta riƙa hawa kanka kowane wata, ga kuɗin ruwa. Wanda kuwa ya yi shiru gaba ɗaya, tararsa kashi 5 ce a wata, har ta kai 25.

Miƙawa da wuri ta fi dacewa da mai lissafi tsaf, musamman in yana jiran a mayar masa da rara. Wanda rasidansa ke jibge a kwali, ko ɗakin aikinsa na gida bai auna ba don neman rangwamen haraji a kansa, gara ya ƙiyasta abin da ake binsa, ya biya, ya nemi ƙarin.