Maganin kaska kafin damina: feshi, na zubawa a baya, ko allura?

Ranar Juma'ar da ta wuce na raka Kawu kasuwar Wudil, muka tsaya gaban teburin mai maganin dabbobi. Kawu ya ce, "Yaro, ba ni na kaska mai ƙarfi." Mai tebur ya jera masa kwalabe uku, ya ƙara da wata gorar ruwa da aka ɗura wani abu fari a ciki, babu takarda babu suna, ya ce wannan ya fi araha. Na riƙe hannun Kawu. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, wa za ka yi wa, shanun ko jakin?" Wannan tambayar ita ce farkon ciniki, kuma ita aka fi tsallakewa.

Jinin da kaska ke sha ba shi ne babbar ɓarnarta ba. Babbar nan mai zane-zane a baya, wadda ke yawaita da faɗuwar ruwan farko, tana maƙalewa a hantsa da ƙirji da ƙarƙashin wutsiya. Bakinta dogo ne, tana lalata kan nono, ita ke buɗe wa kirci, ciwon fatar nan mai ɓawo, ƙofa, kuma ita ke ɗauke da cutar da za ka ga tunkiya tana kewaye tana taunar baki, ta faɗi tana shure-shure, in an yanka a tarar da ruwa a jakar zuciya. Ƙananan masu launin toka su ke kawo fitsarin jini, wanda yake fita ja kamar zoɓo. Akwai kuma wata cutar da kaska ke kawowa, wadda ke ɗashe ido ya koma rawaya, kashi ya yi tauri, madaciya ta kumbura.

Na feshi, ɗaya daga cikin waɗanda ake samu a kasuwa shi ne amitraz, irin su Taktic. In kana da garke kuma ruwa na kusa, ba abin da ya kai shi sauƙin kuɗi a kan kowace dabba. Mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari ana zuba mililita 2 ne a kowace lita ta ruwa, wato mililita 40 a famfon goyo mai lita 20. Inda ake faɗuwa shi ne rowar ruwa. Babbar saniya na bukatar kamar lita 5 kafin ta jiƙe sosai, amma sai ka ga mutum ya zagaye shanu ashirin da famfo ɗaya, ya watsa musu a gadon baya, alhali kaskar tana can ƙasa tsakanin cinyoyi. Bayan kwana uku ya ce maganin jabu ne. Daga ƙasa ake farawa: kofato, hantsa, hammata, gindin wutsiya, cikin kunne, sannan a hau sama. A tsakiyar damina kuma ba ya jimawa a jiki, kusan duk mako ko biyu sai an maimaita.

Kada amitraz ya taɓa jaki ko doki. Maƙwabcinmu ya juye ragowar famfonsa a kan jakinsa don kada ya yi asara, washegari jakin ya ƙi cin abinci, ciki ya kumbura, kashi ya tsaya. Maganin yana tsayar da hanjinsu ne, kuma yana kashewa. Har yau in na tuna yadda dabbar nan ta tsaya kai a sunkuye a gindin darbejiya sai raina ya ɓaci, domin kalma ɗaya daga bakin mai sayarwa da ta isa.

Na zubawa a gadon baya, irin su Bayticol mai ɗauke da flumethrin, ya fi tsada a kwalba. Sai dai ba ya bukatar ruwa ko famfo, mililita 1 ne ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a ja shi da sirinji daga wuya zuwa gindin wutsiya, shi zai bi maiƙon fata ya bazu. Ya kuma fi na feshi daɗewa. Ga mai shanun huɗa biyu, ko matar da ke da awaki biyar a turke, ko mutanen wajen Maigatari da Gumel inda jarkar ruwa kanta kuɗi ce, shi nake zaɓa. A kiyaye ƙiyasta nauyi, don sa mai kilo 300 da aka ba shi rabon mai 150 an zubar da kuɗi ne kawai, an kuma koya wa kaska jure magani. Kada a zuba in hadari ya haɗu.

Allurar ivermectin mutane na sonta saboda tana maganin tsutsar ciki da ƙazuwa, kuma ragon layya yana yin kyau bayanta. Tana taɓa ƙananan kaska, amma a kan babbar mai zane aikinta kaɗan ne. Ba a yi wa saniyar da ake tatsa, naman kuma sai ya yi sama da wata guda kafin a ci. Ban ɗauke ta maganin kaskar damina ba.

Gorar nan marar suna, da Sniper da maganin feshin wake da wasu ke shafa wa dabba, ba sa cikin zaɓi. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma karanta sunan sinadarin da ke ciki, domin kwalabe biyu masu suna daban kan zama abu ɗaya. Mai canza kwalba yana zaton ya canza magani, alhali bai canza komai ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da aka gano wata ƙaramar kaska ’yar asalin Asiya a Kwaddibuwa a 2007, wadda ta shahara wajen jure magani, kuma ta riga ta iso Najeriya.

Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi sosai. Masu bincike a Burkina Faso sun lura cewa babbar kaska tsakanin kofato take fara kamawa a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare ta hau zuwa hantsa. Saboda haka jiƙa ƙafafu da magani da yamma, lokacin dawowa daga kiwo, yana rage ta ƙwarai da ɗan magani kaɗan. Cirewa da hannu da Fulani ke yi da sassafe ma aiki ne na gaske, amma kada a murtsuke ta da yatsa, domin wasu na ɗauke da zazzaɓin da ke kama mutum. A jefa a wuta ko kananzir.

Ban ga dalilin neman ƙarar da kowace kaska a jikin shanunmu na gida irin Bunaji ko Rahaji ba. Maraƙinsu yana samun kariya daga fitsarin jini in ya haɗu da ’yan kaɗan tun yana ƙarami. Shanun madara masu jinin Turai su ne ba sa ɗaukar sakaci ko na mako guda.

In dabba ta riga ta yi zazzaɓi, duk abin da na lissafa ba zai warkar da ita ba. Fitsarin jini allurar Berenil yake so, mai kewaye da mai rawayan ido kuma oksitetrasaikilin, kuma malamin dabbobi ne zai bambance maka su ya auna allurar. Mai kewaye ba ta jira, wani lokaci kwana ɗaya ne tsakaninta da wuƙa.

Kawu dai ya ɗauki na zubawa don shanunsa biyu. Jakin kuwa ya ce da hannu zai cire masa, kamar yadda ya saba.